Zhǐ sāng mà huái: inda masu koyon Sinanci suke tuntuɓe da shi

Sinawa suna da salon magana mai harufa huɗu da suke kira chengyu, kuma 指桑骂槐 (zhǐ sāng mà huái) yana cikin waɗanda ɗalibai suke saurin haddacewa. Ma'anarsa a fili: nuna bishiyar sang, zagi bishiyar huai. Sang ita ce wadda ake ciyar da tsutsar siliki da ganyenta, huai kuwa ita ce mai inuwar nan da ta cika titunan Beijing.

Babban kuskure shi ne ɗaukarsa a matsayin sunan duk wata magana ta kewaye. Harafi na uku, mà, zagi ne, don haka in babu cin mutunci a maganar, ba wurinsa ba ne. Sai kuma an sami mutum uku: mai zagi, wanda aka fake da shi, da wanda ake nufi, wanda galibi yana wurin yana ji. Misalin da Sinawa suka saba kawowa shi ne na uwar miji da ta tsaya a tsakar gida tana yi wa kaza faɗa, wai tana cin hatsi ba ta yin ƙwai, alhali matar ɗanta da ba ta haihu ba tana ɗaki. Duk wanda ya san habaicin kishiyoyi ya gane wannan. Gyaran wancan kuskure shi ne ka duba niyyar mai magana. In yana lalube ne don ya ji ra'ayinka ba tare da ya fito fili ba, ka ce páng qiāo cè jī. In kwana-kwana yake yi ya ƙi zuwa kan batu, guǎi wān mò jiǎo. In kuwa ya sassauta harshe ne don ladabi, kalmar ita ce wěiwǎn, kuma yabo ce.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, saboda 'yan kasuwarmu da ke sari a Guangzhou da Yiwu. Mai kaya zai ce "zan duba" alhali yana nufin a'a, don kada ya kunyata ka. In ka ce masa yana zhǐ sāng mà huái, ka tuhume shi da zaginka a fakaice, kuma ciniki na iya lalacewa a kan kalma ɗaya. Haka nan ba a yabon kai da shi. Magana ce ta zargi, wani ake jifa da ita.

Wasu suna juya bishiyoyin. Sang ce marar laifi, huai ce ake nufi, kuma jerin harufan wannan chengyu ba ya sauyawa. Akwai ɗan'uwansa, zhǐ jī mà gǒu, nuna kaza zagi kare, amma ba a gauraya su.

Ta fuskar nahawu, ba a liƙa sunan wanda aka zaga a bayansa, domin huai ta riga ta cike wannan gurbi. "Tā zài zhǐ sāng mà huái", wato yana habaici, ya wadatar. In dole sai ka ambaci kanka, ka ce "tā zhǐ sāng mà huái de mà wǒ", wato ya zage ni ta hanyar habaici.

Wanda ya ci karo da shi a tsohon kundin dabarun yaƙi 36 na Sin, inda yake na 26, kada ya ɗauko waccan ma'anar ya kawo hira. A can ana nufin mai ƙarfi ya hukunta wani don sauran su shiga taitayinsu, wato gargaɗi daga sama zuwa ƙasa.

Sai karin sauti. Gaɓoɓin huɗu suna ɗauke da karin Sinanci huɗu: na uku, na ɗaya, na huɗu, na biyu. Mà faɗuwa take yi da ƙarfi daga sama. In ka bar ta ta nutse ta taso, ta zama mǎ, doki. In ka miƙe ta a sama, ta zama mā, uwa.