Babi na 6: Gwangwani, tsinke da sifili

Darasi na 1: Me ya kawo mu auna ruwan sama?

Iyayena da yayyena sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya iso wannan babin ya riga ya iya rubuta 1 zuwa 100, to yau lambobin nan za su fara yi mana aiki.

Kun san hukumar nan da ake jin ta a rediyo, NiMet, wadda aka kafa a 2003, mai cewa bana damina za ta sauka da wuri ko za ta makara. Ba duba take yi ba, tashoshi gare ta inda ake auna ruwa da zafi da iska kullum. A nan ƙasar Yawuri akwai tsohuwar tasha a Yelwa. Amma ku dubi girman dajin da muke maƙwabtaka da shi, gandun dajin Kainji kaɗai, ɓangaren Borgu da na Zugurma, ya haura murabba'in kilomita 5,000, su kuma tashoshin nan galibi a cikin gari suke ko a filin jirgi, kuma halin hadarin damina kun fi ni sani, sai ya juye a gonar maƙwabcinka ya tsallake taka ko ɗigo babu. Kenan abin da ya sauka a Yelwa ba lallai shi ne ya sauka a Wara ba, balle can bakin daji. Wa zai auna namu? Mu ne.

Darasi na 2: Kayan aiki da wurin ajiyewa

Gwangwani ɗaya, irin babban na tumatir ko na madarar gari. Ku duba shi da kyau, bakinsa da gindinsa su zama faɗi ɗaya, miƙaƙƙe sambal. Ban da kwano, ban da bokiti, ban da ƙwarya, don su bakinsu ya fi gindi faɗi, za su ba ku lissafin ƙarya. Sai tsinke busasshe miƙaƙƙe, sai rula irin ta 'yan makaranta, sai littafi da biro.

A kafa turke a fili, a ɗora gwangwanin a kai ya zauna daidai ba karkace ba, a ɗaure shi saboda iska da awaki. A fili na ce fa. Nesa da bishiya, nesa da indararo, nesa da katanga. Ka dubi tsawon bishiyar da ta fi kusa, ka ninka shi biyu, ka matsa haka ko fiye. Wani dattijo a ajinmu na bara ƙarƙashin mangwaro ya ajiye nasa wai kada rana ta dake shi, na ce Baba ai gwangwani ba ya jin rana, aka yi ta dariya har da shi.

Darasi na 3: Aunawa da rubutawa

Nan ne aikin yake, ku natsu.

Kullum da safe lokaci ɗaya, mu ƙarfe 9 muka zaɓa. Ka je wurin gwangwani. Ka tsoma tsinken a miƙe har ya taɓa gindi. Ka zaro. Wurin da ya jiƙe shi za ka auna. Ka kwantar da tsinken jikin rula, amma ka lura, rula ba daga bakinta take fara ƙirga ba, akwai ɗan fili kafin a zo wurin da aka rubuta 0. Kan tsinken ya tsaya daidai kan 0 ɗin nan. Ƙananan layukan nan kowanne sunansa milimita. Daga 0 zuwa 1 layi 10 ne. Idan jiƙar ta kai kan 1, milimita 10 kenan. Idan ta wuce 2 da layi uku, 23. Kada ku raina lambar, milimita 1 daidai take da lita 1 na ruwa a kan fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi.

Ka rubuta kwanan wata a hagu, lambar a dama. Ka zubar da ruwan, ka mayar da gwangwanin.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa. Ranar da ba a yi ruwa ba, ka je, ka leƙa, ka ga gwangwani a bushe, ka rubuta 0. Sifili. Zagayayyen nan mai kama da ƙwai. Na san zuciya za ta ce ai babu komai me zan rubuta, to babu ɗin ita za ka rubuta, kuma sunanta a rubuce 0.

Bari in sake. Layin da aka bari fayau ba rubutu, ma'anarsa ban je ba, ko na manta, ko na tafi kasuwa. Layin da ke da 0 ma'anarsa na je, na duba da idona, ba a yi ruwa ba. Ba ɗaya ba ne. Wanda zai karanta littafinka ba ya nan ranar, ba zai san wanne ne ba sai ka gaya masa.

Ga misali, rana a hagu, milimita a dama:

Litinin 12
Talata 0
Laraba 0
Alhamis 0
Juma'a 31

Kun ga sifili uku a jere? Su ne suka nuna an yi kwana uku ba ruwa, kuma kwanakin fari ɗin nan su ke kashe shuka tana ƙarama, su ne manomi ya fi buƙatar sani. Kowa ya ɗauki biro ya rubuta 0 sau goma a littafinsa. Fara daga sama, zagayo ta hagu, koma inda ka faro. Ko ya fito kamar gauta ba laifi Inna, hannu zai saba, madalla haka nan.

Idan ba a yi ruwa ba me za a rubuta? 0. Idan rana ta ƙwalle tun asuba kowa ya san ba ruwa? A je dai a leƙa, a rubuta 0. Idan ba ka samu zuwa ba gaba ɗaya? Ka ja ɗan layi haka -, kada ka sa 0, don ba ka gani ba.

Wallahi wannan maganar na yi ta har muryata ta dishe, amma bara da na karɓi littattafai a ƙarshen Yuli sai na tarar da shafi kamar bakin tsoho, nan lamba can giɓi, na tambaya aka ce ai Malam ba a yi ruwa ba ne. Haba jama'a! Mutum ya iya ƙirga buhun shinkafa ba kuskure, ya riƙe bashin shekara uku a ka, amma zagaye ɗaya ya gagare shi? Ba gagara ba ce, raini ne. Kuma masu zama ranar Juma'a su cike na mako guda daga ka, ina gane rubutunku, biro ɗaya zama ɗaya. Don Allah a daina.

Darasi na 4: Tara lissafi

Ƙarshen mako ka haɗa lambobin. Na misalinmu 12 da 31, ya zama 43. Sifili ba ya ƙara komai amma a bar shi a wurinsa. Masana noma kan ce kada a yi gaggawar shuka sai ruwa ya kai wajen milimita 20 cikin kwana uku. Ka duba littafinka.

Darasi na 5: Kula da gwangwani

A cire ganye da ƙasa. Idan ya yi tsatsa ya huje a canja. A hana yara wasa da shi.

Darasi na 6

A zo da littafi ranar Asabar. Shafin sifili zan fara dubawa.