Yadda za a nuna wa yara abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana

Yara da dama a makarantun Jos sun haddace cewa tsiro yana haɗa abincinsa da kansa, amma kaɗan ne suka taɓa ganin shaidar hakan da idonsu, alhali gwajin bai fi ƙarfin malami a aji ko uwa a tsakar gida ba. Abin da ake buƙata shi ne shukar wake a cikin gwangwani, da aidin da sifirit daga kantin magani, da baƙar takarda, da farin faranti, da ƙaramar kwalba.

Kafin a taɓa ganye, a yanka dankalin turawa, irin wanda ake nomawa a Bokkos da Mangu, a ɗiga aidin a kan yankan. Nan take wurin zai koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina. A gaya wa yaran cewa duk inda aidin ya yi wannan launi, to akwai sitaci a wurin.

Daga nan sai a ajiye shukar a cikin kabad mai duhu har kwana 2 cur. Wannan matakin ne aka fi yi wa gaggawa, kuma gaggawar ce ke ɓata aikin gaba ɗaya. Tsiro yana numfashi dare da rana, saboda haka idan ya rasa haske sai ya narkar da sitacin da ya tara a ganye ya mayar da shi sikari, ya ƙona wani don samun kuzari, ya tura saura zuwa saiwa da sabon toho, har ganyen ya wayi gari babu ajiya a cikinsa.

Da safiyar rana ta uku, a rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda sama da ƙasa, a maƙale ta sosai, sannan a fito da shukar rana ta yi awa 5 zuwa 6. A watan Agusta, lokacin da hadari kan haɗo daga wajen duwatsun Shere tun kafin azahar, gara a jira ranar da gari ya washe.

A tsinke ganyen, a cire takardar, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya domin ya yi laushi. Sai a kashe wuta ɗungurungum, a sa ganyen a kwalbar sifirit, a tsayar da kwalbar a cikin ruwan zafin. Kada a kuskura a kai sifirit kusa da wuta, domin yana kamawa nan da nan, kuma babba ne ya kamata ya yi wannan ɓangaren da hannunsa. Ba a ma bukatar wutar: sifirit yana tafasa a wajen digiri 78, ruwa kuwa a Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. Sannu a hankali sifirit ɗin zai rine kore, ganyen ya koɗe ya yi fari-fari, yana neman karyewa. A ɗauraye shi da ruwan ɗumi, a shimfiɗa a faranti, a ɗiga aidin ya game shi.

Bayan ’yan mintoci rabin da ya sha rana zai yi duhu irin na dankalin, rabin da aka rufe kuwa ya tsaya ruwan ƙasa, da iyaka tsakaninsu kamar an ja layi. A nan ne bayani ke shiga kunne. Koren da ya fita shi ne kulorofil, wanda ke kama haske, ganye ya yi amfani da shi wajen haɗa ruwa da iskar kabon-dayoksaid su zama sikari, ya saki oksijin, sannan ya tara sikarin a matsayin sitacin da aidin ya nuna. Tun a 1779 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya gano cewa sai da haske tsiro ke sakin wannan iska ta oksijin. Sitacin dankalin ma a ganye sikarinsa ya samo asali, kuma idan muka ci, jikinmu yana mayar da shi sikari, ya ƙona shi da oksijin ɗin da muka shaƙa, mu sami ƙarfin tafiya da ɗumin jiki a sanyin hunturu.

Idan ganyen ya ƙi yin duhu ko’ina, galibi rana ce ba ta ishe shi ba, ko kuma koren bai gama fita ba. A guji ganyen albasa, domin ba ya tara sitaci.