Kurakuran da ake yi wajen kallon tsuntsaye da iyali a lokacin damina

Duk shekara da an yi hutun ƙarshen zango sai na ga iyaye suna neman inda za su kai yara, wasu su ce za su kai su kallon tsuntsaye amma su dawo suna cewa ba su ga komai ba sai kurciya da hankaka. Wallahi tsuntsayen suna nan, yadda aka fita ne ba daidai ba.

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa sai an yi doguwar tafiya. Mutum ya ji sunan Dagona a Yobe ko Baturiya a Jigawa, wato dausayin Haɗeja da Nguru, sai ya cika mota da yara a watan Agusta. To agwagin da ke tasowa daga Turai, waɗanda suka sa wurin ya yi suna, da sanyi suke zuwa, daga wajen Oktoba zuwa Maris, da damina suna can ƙasashensu suna ƙyanƙyasa, ga hanya ta lalace da taɓo. Ajiye wannan tafiyar sai hunturu. Da damina baƙuwarmu ita ce shamuwa, tana isowa wajen Afrilu zuwa Mayu gab da ruwan farko, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, daga ƙauyukan Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram, ruwa na ɗaukewa ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka. Kenan in akwai biki ko suna a ƙauye, ko za a je gaida kaka, ko kai abinci gona, fitar ta riga ta samu, minti 30 kawai za a ware.

Sai lokaci. Yawanci sai an gama cin abincin biki rana ta take tsaka sannan a ce mu je, alhali lokacin tsuntsu ya shige inuwa ya yi shiru. A fita bayan sallar asuba gari na wayewa har wajen ƙarfe 9, ko kuma bayan la'asar, balle in an yi ruwa da dare gina ta tashi, ranar za ka ga tsattsewa da shirwa suna ta shawagi suna cafka a iska. Kuma don Allah a cire farar shadda da anko mai ƙyalli, a sa kaya masu duhu da takalmi rufaffe saboda ciyawa ta yi tsawo akwai maciji. Rububi da ihu ma suna korarsu, mutum 4 ko 5 sun isa, a samu gindin bishiya kusa da fadama a zauna, su za su zo da kansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sheƙa. Damina lokacin ƙwai ne da 'ya'ya, kabare ya rataya sheƙunansa a reshe saman ruwa, balbela sun cika bishiya guda, sai ka ga babba da kansa yana janyo reshe wai yaro ya leƙa, ko an bar yara sun taho da danƙo a aljihu. Uwa in ta firgita ta tashi, ƙwan yana nan a buɗe ga rana da hankaka. A tsaya daga nesa, danƙo ya zauna a gida, kuma kada a kunna kukan tsuntsu a waya kusa da sheƙa don a janyo shi, wahalar da shi ake yi. A nuna wa yaro ɗan tsuntsun nan ja da baƙi da ke kan karan dawa, a faɗa masa da rani launin ƙasa ne, yanzu ne ya sa kayan neman aure, wannan kaɗai ya isa ya riƙe hankalinsa.

Wasu kuma ido kawai suke amfani da shi. Ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ragon maza da cilakowa da fakara sau da yawa za ka ji su kafin ka gan su. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye a waya tana taimakawa da hotuna, amma ba za ta ba ka sunan Hausa ba, sunan yana bakin tsofaffi. A zaunar da yara gaban kaka su tambaya, Baba wannan mai baƙin wuya a bakin ruwa fa, ya ce zakaran ƙeƙuwa ne, daga nan ya shiga ba su labarin lokacin da ake ganin gauraka a fadamar garin, wadda yanzu ganinta a Najeriya ya yi wuya ƙwarai. Yaro ya rubuta sunan da ranar a ɗan littafinsa.

Madubin hangen nesa ba dole ba ne, in za a saya mai lamba 8x42 ya wadatar, guda ɗaya a riƙa karɓa-karɓa. Amma kada a saita shi ko kyamara wajen gidajen mutane, shamuwar tana kan bishiyar tsakar gida kuma akwai mata a ciki, a yi sallama a nemi izinin maigida tukun. Haka gona, a bi ta kan iyaka kada a tattake wa mutum gero, in baƙon wuri ne a fara zuwa gaida mai unguwa a faɗa masa abin da ya kawo ku, kusa da shingen jami'an tsaro kuwa a mayar da komai cikin jaka har a wuce.