Darasi na 7: Haɗin Kindirmo Mai Yaji na Dangwale

Ranar suna ko walima akan jera soyayyen dankali, awara da tsire, a zuba garin yaji a gefen faranti, shi ke nan. Yara su ƙware, tsofaffi su ture saboda bushewa. Yau za mu koyi haɗin da ake dangwala waɗannan a ciki. Yana da kauri da sanyi da ɗan zafin tarugu, kuma ba sai an hura wuta ba.

Komai ya dogara ga kindirmon da kika sayo. Matan Fulani na shigowa da shi Babbar Kasuwar Katsina da kasuwar Daura tun da hantsi, ƙwarya rufe da faifai. Ki ce a ɗaga miki ludayi ki gani. Idan ya sauko a dunƙule, a hankali, shi ne. Idan ya tsiyaye kamar ruwa, tsala ne, ki bar shi don fura. Ki kuma tambaya: "Inna, an tafasa madarar kafin a kwantar?" Ɗanyar madara na iya ɗauko ƙwayar tarin fuka daga saniya.

A gida ki shimfiɗa farin ƙyalle wankakke a kan rariya, ki juye kindirmo kofi 2, ki bar shi minti 30. Ruwa fatsi-fatsi zai riƙa ɗiga ƙasa, abin da ya rage a ƙyallen ya kama jikinsa. Kada ki tsallake wannan. Na taɓa yin gaggawa a sunan ɗan ƙanwata, ban tace ba, kafin baƙi su zauna haɗin ya saki ruwa, duk wadda ta dangwala awara sai ya ɗige mata a zani. Har yau abin na yi mini ciwo.

Ki cire 'ya'yan tarugu 1, ki daka shi lukui da tafarnuwa ƙwaya 2. Ki zuba a kan kindirmon, da dakakken ƙuli-ƙuli cokali 3, yajin tsire cokali 1, ruwan rabin lemon tsami, da lawashi yankakke ƙanana. Ki juya, ki ɗanɗana, sannan ki sa gishiri, don yajin tsire da nasa gishirin yake zuwa.

Kada yawan yajin ya ba ki tsoro. Abin da ke ƙona baki a jikin tarugu ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa shan ruwa ba ya kashe shi. Maiƙon nono ne ke wanke shi daga harshe.

Ki rufe, ki sa a firji minti 20. In babu wuta, ki tsoma robar cikin kula mai ƙanƙara. Ki yanka karas da kokwamba dogo-dogo ki jera kusa da dankalin. Abin nono ba ya wuce awa 2 a waje. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina ke kai digiri 40, awa 1 ne kawai. Saboda haka ki riƙa fito da shi kaɗan-kaɗan a ƙananan kwanoni.

Aikin gida: kindirmo kofi 2 na isar mutum 8. Kina da baƙi 24. Rubuta kofi nawa za ki saya, da tarugu nawa.