Kurakuran da muke yi wajen raba matashi da waya

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar abin a matsayin lalaci ko rashin jin magana kawai. Yaron da ya ce "minti biyar zan duba" ya ƙare da cinye awa uku, ba lallai ƙarya ya yi ba. TikTok da Facebook da Instagram daga talla suke samun kuɗi, talla kuwa ba ta biya sai ka daɗe kana kallo. Shi ya sa bidiyo na ƙarewa wani ke hawa, manhajar kuma tana lura da inda idonka ya tsaya ta ƙaro maka irinsa. A 2023 TikTok da kansa ya sa wa 'yan ƙasa da shekara 18 iyakar minti 60 a rana, amma yaranmu shekarun ƙarya suke sawa wajen buɗe shafi. Don haka alkawarin "daga gobe na daina" ba ya zuwa ko'ina. A gyara shekarun, a kashe sanarwar duk manhajar da ba ta kira ko karatu ba ce, a shiga Digital Wellbeing a Android ko Screen Time a iPhone a ƙayyade wa kowace lokacinta. A nan ne mutum zai ga awoyin da ya ƙona jiya, a rubuce.

Sai kwana da waya a gefen filo. Wannan ya fi komai ɓarna a ganina. Garaɓasar data ta dare tana da araha, sai ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a harabar Samaru ko ta Kongo, ya saye ta da sunan sauke littattafai, ƙarfe uku na dare yana cikin hira, Asuba ta wuce shi, laccar ƙarfe takwas ya yi ta da gyangyaɗi. In ka yi magana ya ce ai da ita yake saita ƙararrawa. A Zariya, inda ladanai ke kira ta kowace kusurwa! Wayar ta kwana a falo, ko cikin jaka in a ɗakin kwanan ɗalibai ne. Wanda dama wurin mai caji yake kai tasa, ya kai bayan Isha'i ya karɓa da safe.

Iyaye kuma nasu kuskuren ƙwacewa cikin fushi, wani har ya rotsa ta da ƙasa. Kwana biyu yaro ya ari ta aboki, ko ya sayi ta hannu ya ɓoye, ka rasa sanin abin da yake kallo gaba ɗaya. Ga shi jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yi, sanarwar aji ma ta WhatsApp take zuwa. Yarjejeniya ta fi: lokaci kaza, ba a kan abinci ba, ba bayan ƙarfe goma ba. Ɗan ƙaramar sakandare ƙaramar waya mai madannai ta ishe shi. Amma fa Malam, in kai ma kana cin tuwo kana latse-latse, dokar ta mutu tun ranar da aka kafa ta.

Akwai abu biyu da ba a turawa ko wa ya tambaya: lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa, don da su ake sace shafi a roƙi 'yan uwanka kuɗi da sunanka, da hoton da ba za ki so Baba ya gani ba. Hoto zarar bunu ne. In kuwa har ya fita ana yi wa yarinya barazana da shi, kada a biya ko kwabo, kada a fara da duka. A adana saƙonnin a kai wa 'yan sanda, don dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan barazanar.

Wanda aka rage wa awa huɗu na waya, awa huɗun nan suna nan suna jiran abin yi. In ba a cika su da ƙwallo, ko Islamiyya, ko zama shagon tela ko na gyaran babur a Tudun Wada ba, kafin sati ya zagayo ya koma.