Kurakuran masu zuwa kallon dutse mai aman wuta a yini ɗaya

Da zarar damina ta ɗauke, sai ƙungiyoyin ɗalibai da samarin unguwa a nan Gombe su fara nemana da magana ɗaya: "Malam, muna so mu je mu ga dutse mai aman wuta ranar Asabar, mu dawo a ranar." Na gaji da nanata wa kowa abu guda, na kuma gaji da ganin ana dawowa da targaɗe da ɓacin rai iri ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da farko, a cire rai da ganin wuta. Babu dutsen da ke aman wuta a Najeriya a yau. Duwatsun tudun Biu a kudancin Borno, da na Kerang da Panyam a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, sun yi shiru tun zamanin da ba wanda ya gani. Dutsen Kilang na Kaltungo da Dutsen Wase kuwa narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron tsohon dutsen, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi, shi ya rage a tsaye. Wanda ya tafi da hoton TikTok a kansa zai dawo yana cewa an cuce shi, alhali ga Tafkin Tila a wajen Biu zaune cikin ramin da ƙasa ta fashe ta bari, ga baƙaƙen duwatsu masu huji-huji da ba ka samun irinsu a Gombe. Mai rai mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru da ke Buea, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Tsayinsa ya haura mita 4,000, hawansa na kwanaki ne, kuma yankin na fama da rikici. Kada wani ya saka shi a lissafin Asabar.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne wasa da lokaci, domin na ɗanɗana kuɗarsa. Mun taɓa yin alkawarin tashi ƙarfe shida zuwa wajen Biu. Wasu ba su iso ba, aka ce a yi haƙuri a jira su, ni da ke jagorantar tafiyar na yarda. Da suka cika, sai direba ya ce bai sha mai ba. Muka bi layi. A Dadin Kowa kuma aka nace sai an tsaya ɗaukar hoto da cinikin kifi. Rana ta take tsaka muka isa gindin dutsen, muka hau cikin zafi, kowa ya galabaita, aka baje a sama ana hutawa har inuwa ta yi tsawo. Wajen saukowa, ga duhu na shigowa ga sauri, wata ɗaliba ta taka tsakuwar nan mara nauyi da ke mirginawa ƙarƙashin ƙafa, ta zame, ta kare da hannu. Har yau ina jin ƙarar da ta yi. Goyo aka yi ta zuwa mota. Ba mai hankalin da zai bi hanyar nan da dare da 'ya'yan mutane, dole muka kwana a Biu ba shiri, kuɗin masauki da na ɗori suka fita daga aljihuna, iyaye kuwa suna ta kira har tsakar dare. Mahaifin yarinyar bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, amana na ba ka."

Tun daga ranar ba na sassauci. Kuɗin mota a kammala biya tun Alhamis. Direba ya cika tanki daren Juma'a, in gani da idona. Ana sallame sallar asuba mota ta tashi, wanda ya makara ya haƙura, ko ɗan wane ne. Kafin a fara hawa ina faɗin lokacin juyowa, kuma idan ya cika a juya ko saura taku goma a kai ƙololuwa. Azahar a ƙasa muke yin ta, la'asar ta same mu a hanyar gida. Ku daina lissafin cewa saukowa ta fi sauƙi! Gwiwa ta riga ta gaji, tsakuwa na gudu, a nan ake faɗuwa. Hanyar Gombe zuwa Biu ta wuce kilomita 100, ga ramuka ga shingayen jami'an tsaro, don haka duk abin da taswirar waya ta ce maka, ƙara masa.

Na biyu da ke ba ni haushi shi ne rashin gaisuwa. Sai ka ga bas ta tsaya a bakin ƙauye, yara sun zubo da lasifika, sun miƙe cikin gonakin mutane kamar na ubansu. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma haɗari ne. Ƙasar waɗannan duwatsu tana da albarka, shi ya sa ake noma har kan gangarensu, abin da kake takawa abincin wani ne. Tafkin Tila yana da daraja a wurin al'ummar Bura, sun daɗe suna girmama shi da kadojinsa. Ni dai ba na taka dutse sai na je ƙofar bulama ko dagaci da ɗan goro, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Gombe, mun zo ganin dutse, a ba mu wanda zai raka mu." Ban taɓa yin haka aka mayar da ni ba. Ɗan rakiyar nan shi ya san inda ƙasa ke zaftarewa, inda zuma ta yi gida, da inda ba a so baƙo ya shiga. A yanke ladansa tun kafin a tashi, kada a dawo ana ciniki kamar na tumatir. Maganar tsaro ma haka: kudancin Borno ba wurin tafiya da ka ba ne. Ana gobe tafiya ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, ka kira wani mazaunin can. Idan an ce a dakata, a dakata. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, kuma kada a ɗaga waya a shingen sojoji.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Silifas da takalmin kwalliya a bar su a gida, a sa kambas mai rufe ƙafa da dogon wando. Ƙasar Kaltungo ta yi suna da kububuwa, har asibitin masu saran maciji ke garin, saboda haka ba a cusa hannu a kogo, ba a ɗaga dutse da hannu. Ruwa kowa lita 3, ba leda biyu ta fiya wata ba. A tafi da tsabar kuɗi, sabis yakan ɗauke. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta ƙone ba, hazo bai rufe sararin ba. Maris da Afrilu zafi zai kayar da ku, cikin damina kuma ga santsi ga tsawa a kan tudu.

Wanka a tafkin ramin dutse na hana shi ɗungurungum, domin gaɓarsa kan faɗa zurfi farat ɗaya. Masu tsallakawa Kamaru kuma su san labarin Tafkin Nyos: ranar 21 ga Agusta, 1986 ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta bi kwari saboda ta fi iskar shaƙa nauyi, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai. Daga 2001 aka fara kafa bututun zuƙe iskar. Kusa da kowane dutse mai rai, idan ka ji kanka na sarawa a cikin kwari ko ka ga matattun tsuntsaye a ƙasa, kada ka zauna hutawa, ka haura tudu nan take.