Yadda ake zuwa kallon tsuntsaye da furanni a dausayi

In dai kallon tsuntsaye zai kai ka dausayin da hukuma ta killace, to ka yi sammako, dan da hantsi ya dubi ludayi an gama wasan, tsuntsu ya ci ya ƙoshi ya shige cikin ciyayi, sai dai ka yi ta kallon ruwa. Yawancin irin waɗannan wurare suna da masu gadi da ƙa'idojinsu, wasu ma suna ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, wadda ƙasashe suka sa wa hannu a Iran a 1971, saboda haka ka fara zuwa wajen ma'aikata ka tambayi hanyar da aka yarda a bi.

Kar ka sa farar riga ko ja, nemi mai ruwan ƙasa ko kore, da takalmin roba mai dogon wuya. Ni zuwana na farko da silifas na je, taɓo ya riƙe ƙafa ɗaya, ga matsattsaku a idon sawu, wallahi ban ƙara ba. Maganin sauro ma kar a manta.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Dabarar ita ce in ka hango tsuntsu kar ka sunkuya neman madubin, bar idonka a kansa ka ɗago madubin zuwa ido, kuma rana ta kasance a bayanka, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi za ka gan shi. Samu wuri ka zauna shiru kamar minti 20, babu waya babu hira, su da kansu za su fito. Ka lura da wuyansu in suna tashi, zalɓe da balbela naɗe wuyansu suke, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke sak. Wanda ya gagare ka, manhajar Merlin tana gane tsuntsu da hoto ko da kukansa.

Furanni kuma durƙusawa ake a kalle su. Farin bado da dare yake buɗewa, rana na ɗagawa ya rufe, shuɗin kuwa da safe yake buɗe nasa, wanda ya yi sammako shi ke ganin duka biyun. Ɗauki hoto amma dan Allah kar ka tsinka, kuma in ka ga tsuntsuwa tana ta kewaya ka da kuka, sheƙarta ce a kusa, ja da baya a hankali ta inda ka biyo.